Jiran gida aka ba ni, na tarar da kuɗin cizo da gara: in faɗa ko in yi shiru?

'YarGwale
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah a ba ni ita tsakani da Allah. Yayana da matarsa sun tafi aikin Hajji, yaransu uku suna wajen Hajiyarmu, ni da ƙanena aka ce mu riƙa kwana a gidan kada a bar shi ba kowa. Yau kwananmu goma sha ɗaya. Daren farko na ɗauka sauro ne, na ɗaura gidan sauro. Dare na uku na farka da ƙuraje a jere a damtse da wuya, ina haska fitilar waya sai ga kuɗin cizo suna bin ɗinkin katifa. Da gari ya waye na ɗaga katifar, gefenta duk ɗigo-ɗigon baƙi. Kuma fa ɗakin yara nake kwana.

Ba shi kenan ba. Kicin in ka kunna wuta da dare ƙananan kyankyasai ne ke watsewa ta ko'ina, bayan kabad ɗin tukwane maiƙo ya daskare. A sito akwai kashin ɓera a kan buhun shinkafa, an huda buhun ta ƙasa. Jiya kuma ƙanena ya nuna min hanyar gara, ta taso daga bayan sif ta bi bango ta shige silin.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ni ƙanwar miji ce. Tsakanina da Anti sai alheri, ita ce ma ta ce ni take so in zauna mata, da hannunta ta damƙa min makullai. In na faɗa wa Yaya, na san halinsa, faɗa zai yi mata. In na faɗa mata, ina tsoron ta ga kamar bincike na zo yi. In na yi shiru, yaran nan ɗakin za su dawo. Ya zan yi?

Ummu_Hanan
Wa alaikumus salam. Ki faɗa, amma ita za ki faɗa wa, ba Yayanki ba. Wadda ta ba ki makulli ita ta ba ki amana. Kuma kada Hajiyarku ta ji daga bakinki, don in magana ta shiga gidanku ba ke za ki tsayar da ita ba.

Bakatsine77
Ƙanwata, ki yi shiru. Ki share, ki goge, ki sa a yi feshi da kuɗinki in kina da hali, ki miƙa makulli ki koma gidanku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kina ganin matar da take girki a kicin ɗin nan kullum ba ta san da kyankyaso ba? Ta sani sarai. Abin da ba ta so shi ne ta san ke ma kin sani.

MaiFeshi_Kano
@Bakatsine77 ka yi haƙuri, sana'ata ce wannan, shawararka ba za ta yi aiki a kan kuɗin cizo ba. Kyankyaso da ɓera ana iya rage su a ɓoye. Kuɗin cizo ba a korarsa a ɓoye, saboda feshi ɗaya ba ya gamawa da shi. Maganin yana kashe manyan, amma ƙwan da ke maƙale a ɗinkin katifa da haɗin katakon gado yakan tsira, ya ƙyanƙyashe cikin kwana shida zuwa goma. Shi ya sa muke komawa bayan kamar sati biyu, wani gidan ma sai an koma sau uku. Ga zannuwan gado da labule da kayan sawar yara, duk sai an wanke da ruwa mai zafi sosai an bi da guga. To wa zai ci gaba da wannan in ta miƙa makulli ta tafi ba ta ce komai ba?

Na biyu, kada wani ya ce ai gidan zai yi kwana arba'in ba kowa, yunwa za ta kashe su. Suna yin watanni ba su sha jini ba, suna nan suna jira.

Na uku, kuma wannan shi nake so 'YarGwale ta riƙe, kuɗin cizo ba ƙazanta ke kawo shi ba. Jini yake bi, ba datti ba. Na yi feshi a gidajen da tayil ɗinsu ke ɗaukar ido. Yaro ya dawo hutu daga makarantar kwana da akwati, ko baƙo ya kwana, ko a sayo kujerar hannu, shi kenan ya shigo. Sannan ba kowa ne jikinsa ke tashi in an cije shi ba. Mutum biyu za su kwana gado ɗaya, ɗaya ya tashi da ƙuraje, ɗaya ko ƙaiƙayi bai ji ba. Mai yiwuwa ne matar gidan ba ta ma san da su ba.

InnaTalatu
'Yata, ni tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ba da faɗa ba. Katifa na ji, cizon ki aka yi kika ɗaga. Bayan kabad ɗin tukwane fa, me ya kai ki? Na aurar da 'ya'ya mata huɗu, ina da surukai uku, ban taɓa leƙa bayan kabad ɗin ɗaya daga cikinsu ba. Mace mai yara uku da ta yi wata guda tana shirin tafiya ƙasa mai tsarki, ga 'yan sallama suna shiga suna fita, ba a auna tsaftarta da satin da ta bar gida. Ki raba abin gida biyu. Abin da ke cizo ko yake ɓarna, wannan a faɗa. Maiƙo da ƙura kuwa, ki ɗauki soso ki wanke ki nemi ladanki a wurin Allah, kada ki taɓa ambatonsa har abada.

'YarGwale
Inna na gode. Wallahi ba bincike na yi ba, kyankyasan na bi in ga inda suke shiga, sai na ja kabad ɗin. Ɗakin barcinsu ma a kulle yake, makullin yana hannuna amma ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba. Maiƙon na riga na wanke shi.

Baban_Ilham
Kowa yana ta maganar matar gida, an manta da mai gidan. Gara ba maganar mata ba ce, maganar rufin gida ce. Ni abin ya faru da ni. An yi min canjin wurin aiki zuwa Abuja, na bar wani ɗan ƙanwata a gidana wata bakwai. Ya ga hanyar gara tun farkon damina, sai ya riƙa kankare ta da tsintsiya, bai faɗa min ba wai kada ya tayar min da hankali. Da na dawo, katakon rufin ɗaki ɗaya ya zama holoƙo, kana danna shi da yatsa yana burmawa. Wani kwali da na ajiye a kan sif, takardun makaranta da takardar filin gidan kanta, gara ta cinye fiye da rabi. Rufin na gyara da kuɗi. Takardun kuwa har yau ina zirga-zirga a kansu. Ban yi fushi da yaron don gara ta shigo ba, ai ba shi ya kira ta ba. Na yi fushi don ya gani ya yi shiru.

Kankare hanyar ba ya komai, gidansu yana ƙarƙashin ƙasa, gobe za su sake ginawa. Kuma yanzu da ruwa ya fara sauka, shinge na tashi, lokacinsu ne. Ki gaya wa Yayanki. Shi zai biya kafinta, ba Anti ba.

Maman'YanBiyu
@Baban_Ilham maganar gara na yarda da kai. Amma kun san yadda maza kuke. Ana cewa gara, sai a ce me kuma kika gani, daga nan sai kicin, sai sito, sai katifa.

Bari in ba ku nawa. Na je haihuwa gidanmu, na yi wankan jego kwana arba'in, wata 'yar'uwar maigidana ta zauna min a gida. Ranar da na dawo, da jariri a hannu, falo cike da 'yan barka da dawowa, ta ɗaga murya ta ce ai sai da ta yi kwana uku tana fama da kicin kafin ta iya dafa ruwan shayi a ciki. Aka yi dariya. Ni kuwa cikin nan watanni biyun ƙarshe ko sunkuyawa ba na iya yi, kuma ta sani. Shekara tara kenan, muna gaisawa, muna haɗuwa a biki da suna, amma ban sake barin ta ta wuce falona ba. Ba ƙarya ta yi ba, kicin ɗin ya yi datti. Da ta ja ni gefe ta ce Anti na ga kyankyaso sun yi yawa, ga maganin da na sa, da godiya zan yi mata har da tukwici.

Don haka 'YarGwale, ni ina cikin masu cewa ki faɗa. Amma wurin da za ki faɗa da wanda zai ji, su ne maganar gaba ɗaya.

MalamNaZaure
Allah ya saka wa kowa. Abin da aka ba wannan baiwar Allah sunansa amana, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka ba shi. To mutum ya ga gara tana cin rufi, ya san mai gida bai sani ba, ya kama bakinsa, ina jin tsoron wannan ya shiga sakaci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce addini nasiha ne. Ya kuma ce wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi. Hadisan nan biyu ba sa karo da juna a wannan mas'ala. Nasiha ita ce ki gaya wa mai abin. Sutura ita ce kada ki gaya wa wanda ba shi da abin yi a kai. In kin faɗa wa matar gida a keɓe kin haɗa biyun. In kin je gida kina ba ƙawaye da 'yan'uwa labarin kicin ɗin matar Yaya, wannan ya zama gulma ko da gaskiya ne, don ita gulma ai da gaskiya ake yin ta.

Ina ƙara jan hankalinki, kada ki faɗi abin da zai sa a gane gidan a nan zauren ma.

Bakatsine77
Malam na ji, kuma ba na jayayya da hadisi. Amma ni da na ce ta yi shiru, ba daga sama na ɗauko ba. Abokina ne tun firamare, ya tafi karatu waje shekara guda ya bar min gidansa. Na ga ɓeraye sun addabi sito, na kira shi ni da shi, ba wanda ya ji. Da ladabi na faɗa. Abin da ya ce min shi ne, lokacin da yake ciki ai babu su. Da ya dawo sai na ji a bakin mutane wai na mayar masa da gida juji. Na rasa abokin shekara talatin a kan ɓera. Duk ƙa'idar da kuka lissafa na bi, a keɓe, da taushin murya, ban tsira ba. Ita kuma yarinyar nan ba abota ce a tsakaninsu ba, aure ne na ɗan'uwanta. In ta ɓaci, har 'ya'ya sai ta shafa.

Basakkwace
Ni dai ban ga abin ɓoyo ba. Gidan wanki na, ɗiyan da ad da ɗakin ɗiyanki na. Ki hwaɗi gaskiya ki huta.

Nas_Bauchi
Ni kashin ɓeran nan da ke kan buhun shinkafa shi ya fi tsaya min a rai, kuma na ga an wuce shi da sauri. A asibiti nake aiki a jihar Bauchi, kuma jiharmu tana cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi kamawa a Najeriya, tare da Ondo da Edo da Taraba. Cutar nan a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano ta a 1969, ba baƙuwa ba ce a Arewa. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ita, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci. Takan ɗauki kwana shida zuwa ashirin da ɗaya kafin ta bayyana, ta fara kamar zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa mutane ke makara. Ta fi yawa da rani, amma ba ta ɗaukewa gaba ɗaya.

Ba ina cewa ɓeran gidan Yayanki yana da ita ba, kada ki firgita. Amma kada ki share kashin a bushe ƙura ta tashi. Ki sa safar hannu da takunkumi, ki yayyafa ruwan bilic ya jiƙa, ki kwashe da tsumma ki jefar, ki wanke hannu da sabulu. Abincin da ɓera ya shiga kai tsaye kada ku ci. Sauran kayan a zuba a robobi ko durom mai murfi.

@Bakatsine77 na tausaya maka kan abokinka. Amma ka duba, in ta yi shiru, Anti za ta dawo ta ɗebi shinkafar nan ta dafa wa yara da 'yan sannu da zuwa. Kyankyaso ma yana tayar wa yara masu asma da ciwonsu. Ni a wurina wannan ya wuce maganar kunya.

Sadauki_09
A samo Sniper ko ota-fiya-fiya a zuba ko'ina a rufe ɗakin. Ko a jefa ƙwayar bom ɗin nan ta hatsi guda biyu a ƙarƙashin gado. Kwana ɗaya an gama, ba sai an gaya wa kowa ba.

MaiFeshi_Kano
@Sadauki_09 don girman Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar. 'YarGwale kada ki kusanci ƙwayar bom. An yi ta ne don rumbu da buhunan hatsi a wurin da ba mutane. Tana haɗuwa da danshin iska sai ta saki iskar guba, kuma iskar tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da silin ta shiga ɗakin da ke kusa. Mutane suna kwanciya lafiya a wayi gari babu su, yara ne ma suka fi saurin tafiya. Shi kuma Sniper maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa. Ota-fiya-fiya kuwa haɗin gida ne, ba ka san ƙarfin abin da aka zuba a kwalbar ba. A zuba wannan a katifar da yaro zai kwanta a kai ya shaƙa dare guda?

Kuma ga wani dalilin da ya sa ba a feshi a ɓoye. Mai gida yana da haƙƙin ya san an sa guba a gidansa, wace iri ce, kuma a ina. Ko maganin ɓera ne aka ajiye a lungu, in uwa ba ta sani ba, yaro mai rarrafe zai iya kai shi baki.

Nas_Bauchi
Gaskiya ne. Muna karɓar irin waɗannan yaran. In tarko zai yi, a bar guba.

'YarDamagaram
Sannunku. Ni abin da zan ƙara shi ne lokaci. Mutanen nan ibada suka tafi, sun tara kuɗi shekara da shekaru. Kada ki kira su suna shirin fita Mina da Arfa ki ce musu gara na cin gida, ba abin da za su iya daga can sai damuwa. In sun dawo ma kada ki tare su da shi ranar farko, gida cike da baƙi ana rabon dabino da zamzam. Amma yaran kada su kwana a ɗakin nan ko dare ɗaya kafin uwarsu ta sani. Ko da a kunne ne ki raɗa mata, sauran bayani ya biyo baya.

Baban_Ilham
Bayan an gama aikin Hajji alhazai sukan yi kwanaki a Makka suna jiran jirgi. A wannan tsakanin za ta iya tura wa Yayanta hoton bangon ta WhatsApp, ya ba da izini a kira mai magani. Gara ba ta jiran jirgi.

ƊanArewa_Ingila
Abin ya ba ni sha'awa, don a nan Ingila jiran gida abu ne da aka tsara. Akwai shafukan intanet da mai gida zai sa gidansa in zai yi tafiya, wani baƙo da bai taɓa gani ba ya zo ya zauna kyauta, ya kula da kare ko kyanwa da shukoki. In an gama kowa ya rubuta yadda ya ga ɗan'uwansa, duk duniya ta karanta. Kuma ku san su ma wannan gardamar suke yi. Mai jira yana tsoron in ya rubuta cewa gidan da datti, shi ma a rama a ɓata masa suna. In ya yi shiru kuma, wanda zai zo bayansa ya faɗa ciki. Abin da na ga yawancinsu sun fi yarda da shi, ƙuma ko ɓera ko kuɗin cizo ana sanar da mai gida nan take da hoto, tun a kwanakin farko, don kada a ce kai ka kawo.

Batun cewa kuɗin cizo na matalauta ne ko na ƙazamai, a 2023 birnin Faris na Faransa ya rikice da maganarsa, ana ta yaɗa bidiyonsa a jiragen ƙasa da gidajen sinima, ga gasar Olamfik ta 2024 tana tafe. Har gwamnati sai da ta shiga maganar.

InnaTalatu
Ɗana, can baƙo ne da baƙo, in an rabu an rabu. Nan kuwa gobe za su haɗu a gidan suna, jibi a gidan rasuwa, har ƙarshen rayuwa. Hoto kuma ni ban so shi ba. Ranar da matar nan ta ga hoton kicin ɗinta a wayar ƙanwar mijinta, magana ta ƙare.

MaiGadi_Kaduna
Inna ki yi min afuwa, mu da muke wannan aikin don albashi hoto shi ne shaidarmu. Shekara shida ina kula da gidan wani bawan Allah da ke zaune a waje, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Farkon zuwana in na ce masa rufi na yoyo ko gara ta fito, sai in ji muryarsa ta canza, yana ganin hanyar cin kuɗi na ɓullo da ita. In na yi shiru kuma ya zo ya tarar, ya ce me nake yi a gidan. Sai na koma ina ɗaukar hoto in tura, in ce ga abin da na gani, ka turo wanda ka yarda da shi ya duba. Ba na faɗin kuɗi, ba na kawo ma'aikaci. Tun daga nan muka zauna lafiya.

Amma na yarda da ke a wuri ɗaya. Abin da na gani na yadda iyalinsa ke barin ɗaki in sun zo hutu, ban taɓa ɗaukar hotonsa ba, ban taɓa faɗa ko wa matata ba. Bango da rufi da ƙwari su ne aikina. Yadda mutum ke zama a gidansa ba aikina ba ne.

Injiniyan_Famfo
Wani abu da mutane ba su lura da shi ba, gidan da aka rufe shi kansa yana jawo kyankyaso. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke da magudanar banɗaki akwai lanƙwasar bututu da ruwa ke tsayawa a ciki, shi ke toshe hanya tsakanin sokawe da cikin gida. In an daɗe ba a zuba ruwa ba, ga zafi, sai ya ƙafe, wari da manyan kyankyasai su samu hanya. Duk mai jiran gida ya riƙa zagaya banɗakunan da ba a shiga yana zuba bokiti guda duk sati. Sai dai ƙananan da 'YarGwale ta ce, waɗannan 'yan kicin ne, a bayan firij da cikin kabad suke hayayyafa, kuma ba a kwana goma suke yin yawa haka ba.

Dattijo_Fagge
Da can da duba-gari wannan duk ba ta taso ba. Zai shigo har tsakar gida ya buɗe randa ya duba, ya leƙa makewayi, in ya ga ba daidai ba ya yi magana, kuma ba wanda zai ce ya ci masa fuska don aikinsa ne. Yanzu sai tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, a share bakin titi a koma ciki. Da akwai wanda hukuma ta ɗora wa faɗin irin wannan, da ba a bar yarinya ƙarama da nauyinsa ba.

Zinariya
Ba wanda ya yi wannan tambayar, to ni zan yi. 'YarGwale kin tabbata ba a jakarki ko ta ƙanenki suka zo ba? Don ita ce tambayar farko da za ta zo wa Anti a rai, ko ba ta furta ba.

'YarGwale
@Zinariya na yi wannan tunanin har na kasa barci. Na sa an duba katifata ta gida da ta ƙanena, ba komai. Yanzu ma tsorona kada mu kwasa mu kai gidan Hajiya.

MaiFeshi_Kano
Ɗigon baƙin da kika gani kashinsu ne, kuma ba ya cika gefen katifa a kwana uku. Sun daɗe a nan. Ranar da za ku tafi, kayanku duka a ƙulle a leda, ana isa gida a zuba su a ruwan zafi, jakar kuma a bar ta a waje a duba ɗinkinta da kyau kafin ta shiga ɗaki.

Ummu_Hanan
Tunda an zo kan yadda za a faɗa, ni da ni ce haka zan ce: Anti, wani abu ya cije ni a ɗakin yara, na duba na ga kuɗin cizo ne, an ce min a makaranta ko wajen baƙi ake kwaso shi. Na wanke zannuwan da ruwan zafi, amma an ce sai an yi feshi sau biyu, ban so in sa magani a gidanki ba ki sani ba. Shi kenan. Kin fara da abin da ya same ki, kin nuna ba laifinta ba ne, kin bar mata hukunci. Shinkafar ma haka, ki ce ɓera ya huda buhu na ware shi gefe. Kalmar datti kada ta fito daga bakinki.

Maman'YanBiyu
Wannan ya yi. Sai dai ki ƙara mata da cewa ba wanda kika gaya wa. Wallahi abin da zuciyarta za ta fara tambaya kenan, wa da wa suka sani. Kuma ki ja wa ƙanenki kunne, samari ba su iya riƙe irin wannan ba.

'YarGwale
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda nake. Na bi maganar Nas, na jiƙa kashin na kwashe, buhun da aka huda na ware shi, sauran kayan abincin na juye a robobi masu murfi, na ɗana tarko biyu. Na koma kwana a falo. Ƙanena na roƙe shi ya yi shiru ya ce to.

Wani abu kuma ya faɗo min jiya da na je gidan Hajiya. Autar Yaya ta daɗe tana fama da ƙuraje a hannu da wuya, Anti tana ta shafa mata hoda tana cewa ƙurajen zafi ne. Tun da yarinyar ta koma wajen Hajiya suka baje. Da na gani sai da na yi hawaye. Don haka kuɗin cizon zan faɗa mata, wannan na gama yanke shawara.

Garar ce har yanzu ban sani ba. In na tura wa Yaya hoto kamar yadda Baban_Ilham ya ce, na tsallake Anti. In na jira su dawo, saura kusan sati uku.

Baban_Ilham
Ki tura wa su biyun lokaci guda, hoton bango kawai. Ba wanda aka tsallake.

Bakatsine77
Labarin yarinyar ya taɓa ni, a kan kuɗin cizo na janye. Amma hoton nan ina nan a kan bakana. Yayanki zai kira ya ce zagaya min gidan da bidiyo in gani, a nan za ki rasa yadda za ki yi. Ki kira Anti ita kaɗai in sun sauko daga Mina, ita ta san yadda za ta gaya wa mijinta.

InnaTalatu
A nan ina bayan Bakatsine.

MaiFeshi_Kano
Ko wa za ki gaya wa, kafin nan ki janye sif ɗin daga jikin bango, ki sauke duk wani kwali ko takarda da ke kansa. Hanyar garar kuma kada ki kankare ta, mai maganin da zai zo yana bukatar ya ga inda ta taso. Silin ɗin na katako ne ko na roba?

'YarGwale
Na katako ne. Ƙanena ya ce wuri ɗaya ya ɗan lotsa, daidai saman gadon yaran.